Yaya ake gane gwarzon malamin fiziks a sakandare, kuma da me za a saka masa?

Duk sanda aka ce za a karrama malamin fiziks na sakandare, abu na farko da kwamiti yake cewa a kawo shi ne sakamakon jarrabawa, yara nawa suka ci nawa suka faɗi, sai a jera malamai a kan wannan lissafin a ɗauki na sama a ce shi ne gwarzo. Toh ni dai abun nan ya daɗe yana ci min rai, saboda fiziks darasi ne mai wata irin ɗabi'a da sai wanda ya koyar da shi ko ya zauna ya lura yake ganewa, wato yaro zai iya cin maki mai yawa, ya haddace fomula tsaf, ya warware lissafi babu kuskure, amma can cikin ransa bai yarda da ko ɗaya daga cikin abin da ya rubuta ba.

Bari in faro daga nan don shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Yaron da ya shigo ajin fiziks ba da kai wayam ya zo ba, ya yi shekara goma sha biyar ko fiye yana tura abu, yana jifa, yana gudu yana faɗuwa, kuma duk wannan ya gina masa nasa fiziks ɗin a ka. Ya ga cewa in ka daina tura akwati sai ya tsaya, don haka a wurinsa motsi dole sai da ƙarfin da ke turawa. Ya ga dutse ya riga takarda isa ƙasa, don haka mai nauyi ya fi saurin faɗowa. Kada ka ce yaron ba shi da basira fa, ai kusan irin wannan tunanin Aristotle, masanin falsafar nan na Girka ta dā, ya yi, kuma masana suka zauna a kai kusan shekara dubu biyu, har sai da Galileo ya fara girgiza shi, Newton kuma ya fito da dokokinsa na motsi a 1687. Kenan abin da ake nema wurin malamin sakandare shi ne ya yi wa yaro a shekara biyu ko uku canjin tunanin da ya ɗauki duniya ƙarni da yawa. Aikin kenan, kuma a kansa ya kamata a auna malami.

Gwada wannan a kan duk wanda ka sani ya yi fiziks. Ka cilla kwabo sama, yana cikin hawa bayan ya bar hannunka, in aka ajiye maganar iska gefe, ƙarfi nawa ne ke aiki a kansa? Mafi yawa za su ce biyu, akwai jan ƙasa da ke janyo shi, akwai kuma ƙarfin hannu da ke ci gaba da kai shi sama yana raguwa a hankali. Alhali ɗaya ne tak, jan ƙasa, hannu ya gama nasa tun lokacin da kwabon ya rabu da shi, abin da ya rage masa gudu ne kawai, jan ƙasa kuma yana zaftare masa wajen mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. Ko ka ce masa babbar mota ta yi karo da ƙaramar mota, wacce ta fi dukan 'yar uwarta da ƙarfi? Zai ce babbar mana, ga yadda ƙaramar ta yamutse. Kuma wannan yaron da bakinsa zai karanto maka doka ta uku ta Newton ba gargada, wadda take cewa ƙarfin daidai yake a ɓangarorin biyu, abin da ya bambanta shi ne irin tasirin da ƙarfin ya yi wa kowacce saboda nauyinsu ba ɗaya ba ne. Dokar tana bakinsa, Aristotle yana cikin kansa, kowa na zaune a wurinsa ba su taɓa haɗuwa ba.

Waɗanda suka fara auna wannan matsalar da gaske su ne David Hestenes da Ibrahim Halloun a Jami'ar Jihar Arizona da ke Amurka, a 1985 suka fitar da sakamakon wani gwaji da ya nuna cewa ɗalibai suna shiga aji da irin wannan tunanin su kuma fita da shi kusan yadda suka shigo, ko waye ya koyar da su. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne wani malamin sakandare mai suna Malcolm Wells, mutum ne da ya daɗe yana koyarwa, mai himma, mai sa yara gwaji da hannunsu, irin wanda duk wani kwamiti zai ba lambar yabo ido rufe. Da ya ba ɗalibansa gwajin sai ya ga sakamakon ya yi ƙasa ƙwarai da abin da ya zata. Maimakon ya ɗora wa yara laifi ko ya ce gwajin ne bai yi ba, sai ya koma ya warware salon koyarwarsa ya sake ɗinka shi daga tushe. A 1992 shi da Hestenes da Gregg Swackhamer suka wallafa gwajin da aka fi sani da FCI, tambayoyi ne wajen talatin na zaɓi-ɗaya, babu lissafi a ciki, sai dai an gina amsoshin da ba daidai ba daga ainihin abin da ɗalibai ke tunani, shi ya sa suke jan mutum kamar maganaɗisu. Ko a Jami'ar Harvard da malamin fiziks Eric Mazur ya gwada irinsa a kan ɗalibansa a farkon shekarun 1990, wata ɗaliba ta tambaye shi wai ta amsa ne yadda ya koya masu ko yadda ita take ganin abin a ranta. Wannan tambayar kaɗai ta isa ta nuna maka girman ramin.

Daga nan sai Richard Hake ya zo a 1998 ya tattara sakamakon ɗalibai sama da 6,000 daga azuzuwa 62, har da na sakandare da na jami'a, ya kawo wata hanyar lissafi mai sauƙi wadda nake ganin duk mai zama a kwamitin karrama malamai ya kamata ya san ta. Ana ba yara gwaji a farkon zango, a sake ba su a ƙarshe, sai a duba daga cikin makin da ya rage masu su samu, kashi nawa suka samo. Misali ajin da ya fara da 30 cikin 100, saura masa 70 kenan, in ya ƙare da 65 ya samo 35 daga cikin 70 ɗin, rabi cif, wato 0.5. Wani ajin kuma ya fara da 70 ya ƙare da 79, ya samo 9 daga cikin 30, wato 0.3. In da sakamakon ƙarshe kawai za a duba ai malamin aji na biyu ne zai tafi da kambu, 79 ya fi 65, alhali na farkon ne ya yi tafiya mai nisa da yaransa. Abin da Hake ya samu shi ne azuzuwan da malami ke tsayawa yana bayani yara na kwafa, matsakaicinsu wajen 0.23 ne, waɗanda kuma ake sa yara su yi hasashe su yi gardama da juna su gwada, nasu ya kai wajen 0.48, ninki biyu kenan.

Kaga a nan an samu ma'aunin da ya fi adalci, don ba ya hukunta malami saboda an ba shi yaran da suka taso ba gata, ba ya kuma ba wani lada saboda makarantarsa tana tace yara kafin ta ɗauka. Sai dai fa a yi hattara, FCI ɓangaren ƙarfi da motsi kaɗai ya taɓa, bai ce komai ba a kan lantarki ko haske ko zafi, kuma ranar da aka ce da shi za a raba kyauta, ranar zai fara lalacewa, don za a samu masu koya wa yara amsoshin kai tsaye, ko ma su ja masu kunne kada su dage a gwajin farko don tazarar ta yi faɗi. Masanin nan Donald Campbell ya yi wannan gargaɗin tun a shekarun 1970, cewa duk ma'aunin da aka rataya wa babban hukunci to sai an murɗe shi. An kuwa gani a birnin Atlanta na Amurka, inda aka rataya aiki da alawus a kan makin jarrabawa, aka wayi gari ana goge amsoshin yara ana gyarawa, har kotu ta samu malamai da jami'an ilimi 11 da laifi a 2015. Sannan ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da matsaya a 2014 cewa yawancin bincike na nuna malami yana da alhakin kashi 1 zuwa 14 cikin 100 ne kawai na bambancin da ake gani a makin ɗalibai, sauran yana zuwa ne daga abubuwan da ba a hannunsa suke ba. Don haka lamba tana da amfani, amma shaida ɗaya ce, ba a yanke hukunci da ita ita kaɗai.

Sai wani ya ce to a tambayi yaran mana, su suka san malaminsu. Haka ne, a tambaye su, amma akwai tarko a nan ma. A 2019 Louis Deslauriers da abokan aikinsa a Harvard sun raba ɗaliban fiziks gida biyu, wasu aka yi masu lacca mai santsi daga malami mai iya magana, wasu aka sa su suka yi ta fama da tambayoyi da kansu kafin a yi masu bayani. Waɗanda suka sha faman sun fi cin gwaji, amma da aka tambaye su sai suka ce suna jin kamar ba su koyi abu sosai ba, waɗanda aka yi wa lacca kuma suka ce sun ƙaru ƙwarai. Wato daɗin sauraro yana rudar mutum ya ɗauka ya gane. Kenan in tambayar ita ce wane malami ka fi so, mai daɗin baki ne zai lashe kullum. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce irin su, in ka ba da amsar da ba daidai ba me malamin yake yi, ko yana barin ku ku bayyana dalilinku, ko ka taɓa canza ra'ayi a kan wani abu a ajinsa.

A ganina babu abin da ya kai a shiga ajin a zauna, ba sau ɗaya ba, kuma ba ranar da aka sanar za a zo ba. Mai lura da ya san fiziks cikin minti ashirin zai fara ganin alamu. Wa ke magana a ajin, malam kaɗai ne ko yara ma suna yi? In ya yi tambaya yana jira? Mary Budd Rowe ta auna wannan tun a farkon shekarun 1970 ta ga yawancin malamai wajen sakan ɗaya suke jira kafin su amsa da kansu ko su nuna wani, in kuwa aka kai sakan uku ko fiye sai amsoshi su yi tsawo, yaran da ba sa magana su fara ɗaga hannu. Abu ne ƙarami amma yana nuna maka ko malamin tunanin yaro yake nema ko kawai so yake a maimaita masa abin da ya faɗa. Haka batun gwaji a gaban aji, mutane suna son malami mai abubuwan ban mamaki, wuta ta tashi, ƙwallo ya yi tsalle, yara su tafa, amma wani bincike da Catherine Crouch da Mazur da abokansu suka fitar a 2004 ya nuna cewa yaran da suka kalli gwaji kawai fahimtarsu ba ta wani zarce ta waɗanda ba su gani ba sam, sai in an sa su sun faɗi abin da suke zaton zai faru kafin a yi. Dole yaro ya fito da Aristotle ɗinsa fili ya ɗora shi a tebur, sannan gwajin ya karya shi a gaban idonsa. Shi ya sa malamin da zai nuna bidiyon ɗan sama jannati David Scott a duniyar wata a 1971, lokacin da ya saki guduma da gashin tsuntsu suka dira tare saboda babu iska a can, in ya fara cewa kowa ya rubuta wanne zai riga isa da dalilinsa, ya yi aikin da ya ninka na wanda ya kunna bidiyon kawai.

Akwai kuma wani ilimi da gwanin malami yake da shi wanda digiri kaɗai ba ya bayarwa, shi ne sanin inda yaro zai yi tuntuɓe tun kafin ya kai wurin. Masanin harkar koyarwa Lee Shulman ya yi magana a kan wannan a 1986, cewa sanin darasi daban, sanin yadda ake shigar da shi kan mai koyo daban. Philip Sadler da tawagarsa kuma a 2013 sun gwada malaman kimiyya na ƙaramar sakandare, suka ga cewa a tambayoyin da ke da sanannen kuskure, malamin da ya san amsar daidai kuma ya iya faɗin kuskuren da yawancin yara za su zaɓa, ɗalibansa sun fi samun ci gaba a kan na wanda amsar kawai ya sani. Wannan abu ne da kwamiti zai iya gwadawa cikin hira ta minti goma, a miƙa wa malami batir ɗaya da waya ɗaya da ƙwan fitila a ce me yaranka za su fara yi da waɗannan, kuma me ya sa. Wanda ya san aikinsa nan take zai ce maka da yawa za su haɗa waya daga kan batir zuwa gindin ƙwan su tsaya suna jiran haske, don a tunaninsu wuta kamar ruwa take kwarara daga tulu zuwa kofi, ba su san sai ta zagayo ta dawo ba.

Wani abin da ba a cika kallo ba shi ne su waye suka rage a ajin. Malami zai iya samun sakamako mai kyau ta hanyar tsorata raunana su gudu tun a zangon farko, ya zauna da 'yan tsirarun da ko ba shi za su ci. Cibiyar fiziks ta Birtaniya ta fitar da rahoto a 2012 da ya nuna kusan rabin makarantun gwamnati na Ingila masu haɗa maza da mata ba su tura ko yarinya ɗaya ta ci gaba da fiziks a matakin ƙarshe na sakandare ba. Malamin da a hannunsa yara mata suka fara zaɓar fiziks, ko yaron da ake ganin ba zai iya ba ya daure har ƙarshe, wallahi ya yi abin a yaba ko da matsakaicin makin ajinsa ya ɗan sauka saboda hakan. Wani amfanin ma sai bayan shekaru yake fitowa. Richard Feynman da ya ci kyautar Nobel a 1965 ya sha ba da labarin malaminsa na fiziks a sakandare, Abram Bader, wanda ya lura yaron ya gundura a aji yana yawan surutu, sai ya kira shi bayan darasi ya yi masa bayanin wata ƙa'ida mai zurfi game da hanyar da abu ke bi in yana motsi, ƙa'idar da daga baya ta zama ginshiƙin aikin Feynman ɗin. Hirar 'yan mintoci ce, babu fom ɗin da zai kama ta, shi ya sa wasiƙun tsofaffin ɗalibai suke da nauyi a wurina.

In ka dubi kyaututtukan da ake da su za ka ga wasu sun fahimci wannan. Lambar yabo ta shugaban ƙasar Amurka ga malaman lissafi da kimiyya, wadda aka kafa a 1983 kuma ta kasance tana tafe da dala 10,000, ta riƙa neman malami ya turo bidiyon darasinsa tare da bayanin dalilin da ya sa ya koyar haka. Ƙungiyar malaman fiziks ta Amurka, AAPT, da aka kafa a 1930 tana da lambar Paul Zitzewitz ta malaman da ke ƙasa da jami'a, cibiyar fiziks ta Birtaniya da ƙungiyar masana fiziks ta Kanada su ma kowacce tana karrama malaman sakandare duk shekara. Mafi girma a kuɗi ita ce ta gidauniyar Varkey, dala miliyan ɗaya, wadda a 2019 Peter Tabichi ya karɓa a Dubai, malamin lissafi da fiziks a makarantar Keriko da ke yankin Nakuru a Kenya, makarantar da kwamfuta ɗaya gare ta ga intanet mai wahala, shi kuma yana ba da kashi 80 cikin 100 na albashinsa ga mabuƙata. Na ji daɗin wannan zaɓin don ya nuna ba kyan ɗakin gwaji ake dubawa ba. Amma matsalar da ke tattare da kusan dukkansu ita ce sai an cike fom mai tsawo, an nemo masu shaida, an iya tallata kai, kuma malamin da ke ɗauke da aji shida shi kaɗai ba shi da wannan lokacin, wani ma kunya ba za ta bar shi ya zauna yana yabon kansa a takarda ba. In ba a fita an nemo irin waɗannan ba, kyautar za ta yi ta zagayawa ne tsakanin makarantun da dama suna da hali.

Sai batun da me za a saka masa, wanda nake ganin a nan aka fi yin kuskure. Abin da aka saba shi ne malami ya yi fice sai a ɗaga shi ya koma ofis, mataimakin shugaban makaranta ko mai duba makarantu, wato ladan iya koyarwa shi ne a raba shi da allo. Alhali malaman fiziks ƙaranci suke yi ko a ƙasashe masu arziki, a Ingila a zangon 2023 zuwa 2024 kashi 17 cikin 100 kacal aka samu na adadin sababbin malaman fiziks da gwamnati ta so ta horar, a Amurka kuma ƙasa da rabin masu koyar da fiziks a sakandare ne suke da digiri a fannin, saura malaman kemistiri ne ko bayoloji ko lissafi da aka ce su riƙe. Mai digirin fiziks yana da ƙofofi da yawa da suka fi koyarwa albashi, don haka wanda ya zauna kuma ya ƙware, duk abin da za a ba shi ya kamata ya zama mai riƙe shi a aji ne, ƙarin albashi da matsayi ba tare da ya bar koyarwa ba, kayan gwaji, da damar ya je ya ga inda ake fiziks na yau, irin shirin da CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai, take yi wa malaman sakandare tun 1998, ko taron bazara na cibiyar binciken fiziks ta Perimeter a Kanada. Galibi malamin fiziks shi kaɗai ne a makarantarsa, ba shi da wanda zai tambaya yaya kake koyar da kaza, don haka haɗa shi da takwarorinsa ma babbar kyauta ce.

Sannan a rage masa darussa kaɗan a mako a ba shi malamai biyu ko uku masu tasowa, musamman waɗanda aka ɗora wa fiziks ba fanninsu ba, su riƙa shiga ajinsa shi ma yana shiga nasu. Haka aka yi da salon Malcolm Wells ɗin can, hukumar tallafa wa kimiyya ta Amurka ta ɗauki nauyin bita ta makonni a lokacin hutu cikin shekarun 1990, malaman sakandare suna koya wa 'yan uwansu, kowa ya zauna a kujerar ɗalibi ya riƙe ƙaramin allo ya kare amsarsa a gaban saura kamar yadda zai sa yaransa su yi, da tallafin ya ƙare kuma malaman da kansu suka kafa ƙungiyarsu a 2005 suka ci gaba da bitar, har yanzu ana yi.